Sautun zamani: Yadda sana'ar kai fure ta shigo garuruwan manoma a bakin iyakar Nijar

Wata ranar Talata da hantsi, muna tsakiyar shirin gaishe-gaishe a gidan rediyonmu na karkara, wanda ke wani ƙaramin gari na manoma tsakanin Maraɗi da iyakar Nijeriya, sai ga waya daga ƙasar Libiya. Wani matashi ne ɗan garin da ke aikin gini a birnin Sabha, wata bakwai ke nan da tafiyarsa ci-rani. Matarsa ta yi haihuwar fari a gidan iyayenta, kuma ranar Juma'a za a yi suna. Bayan ya gai da iyaye da surukai da abokan arziki, sai ya roƙe mu da mu sanar da ƙanensa cewa ya turo kuɗi, a je a karɓa a sayi fulawa mai kyau a kai wa mai jego.

Muka isar da saƙo kamar yadda aka ba mu. Ƙanen bai yi wata-wata ba, ya karɓo kuɗin, ya shiga kasuwa ya sayi rabin buhun fulawar burodi, ya ɗaure a bayan babur ya kai gidan surukai. Uwar mai jego ta yi murna matuƙa, ta yi ta sa albarka tana cewa yaron nan ya san abin da gida ke buƙata. Aka soya fanke da cincin, 'yan suna suka ci suka yi guzuri. Sai da hoton buhun ya isa Sabha ta WhatsApp sannan wayarmu ta sake ƙara. Ya ce, “Malam, ai ba wannan fulawar nake nufi ba.” Ashe ya ga yadda Larabawan can ke shiga asibiti da ɗaurin furanni idan matansu sun haihu, shi ma ya yi sha'awar a yi wa tasa matar haka.

Mun sha dariya a ranar, amma daga baya sai abin ya tsaya mana a rai. Ga mutum da kuɗinsa a hannu, ga abin da yake so a saya masa, amma duk garin babu mai sayarwa, babu ma wanda ya gane abin da yake nufi. A wajen ɗan kasuwa, wannan ai ƙofa ce a buɗe. Wannan ne ya sa muka bi diddigin yadda sana'ar haɗa fure da kai shi gida ke kutsowa cikin garuruwan manoma na wannan yanki, domin 'yan kasuwarmu na Jibiya da Illela da Mai'aduwa da Maigatari da Ƙwanni da Magarya su san inda riba take, su kuma san inda uwar kuɗi ke nutsewa.

Me ya kawo fure garin manoma?

Bahaushe bai gaji kyautar fure ba. Kyautarmu ta gado ita ce goro da turare da tufafi da dabba da hatsi, wato abin da za a ci, ko a sa, ko a ajiye. Hasali ma a bakin Bahaushe fure bai cika samun yabo ba. Idan abu ya yi kyawun gani amma babu amfani, sai a ce furen juji ne, sannan ga karin maganar nan da ke cewa ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Manomi kuwa idan ya ga wakensa ya yi fure, ba kyawun yake kallo ba, lissafin buhu yake yi.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka sauya lamarin. Na farko shi ne ci-rani. Da zarar an kai amfanin gona gida, matasan jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa kan bazu zuwa Kano da Legas da Abijan da Akara da Libiya da Aljeriya, wasu har sai damina ta zagayo sau biyu ba su dawo ba. A bayansu ake haihuwa, a yi suna, a yi biki, a yi salla. Na biyu shi ne wayar salula mai hoto, wadda ta sa budurwar ƙauye ke ganin irin kyautar da ake yi wa ta birni a TikTok da Facebook, bayan abin da aka daɗe ana gani a finafinan Indiya da na Kano. Na uku kuma shi ne sauƙin aika kuɗi. Kamfanoni irin su Nita da Amana da Al Izza sun kafa rassa har a ƙananan garuruwan Nijar, a ɓangaren Nijeriya kuma ga masu POS a kowace kusurwa. Kuɗin da a da sai an jira direba ko wani mai dawowa gida, yanzu kafin a sauke shayi daga wuta sun iso.

To idan aka duba da kyau, wannan sana'a ba baƙuwa ba ce. Sautu ne irin wanda iyayenmu suka saba bayarwa ranar kasuwa, a ce wane in ka je Maraɗi ka sayo mini kaza ka kai wa wance. Bambancin kawai shi ne mai ba da sautun yanzu yana bayan hamada, kuma yana son ya ga hoto.

Ranakun cinikin ma sanannu ne. Akwai suna da biki da saukar karatu, da dawowar alhazai, da jajibirin ƙaramar salla da babba. Akwai lokacin da sakamakon jarrabawar BEPC da BAC ke fitowa a farkon damina. Akwai ranar 8 ga Maris, da kuma ranar 13 ga Mayu, wadda ita ce ranar matan Nijar, da ake tunawa da jerin gwanon da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ƙara musu wakilci a shirye-shiryen babban taron ƙasa. Ranar 14 ga Fabrairu ma matasan birni kan yi ciniki, sai dai a garuruwanmu malamai na wa'azi a kanta, don haka ɗan kasuwar da ya san mutanensa ba ya ɗora lissafinsa a kan wannan rana.

Ɗanyen fure: kayan da ke mutuwa a hannu

Matashin nan na Sabha bai haƙura ba. Da aka zo arba'in, mai jego za ta koma ɗakinta, sai ya sa wani abokinsa a Yamai ya sayi ɗaurin furen wardi ɗanye, aka saka a kwali aka ba motar safa. Tsakanin Yamai da Maraɗi kimanin kilomita 660 ne, ga shi a watan Afrilu, ga kwalin a ƙarƙashin mota tare da sauran kaya. Da aka buɗe shi a gabanmu, furannin duk sun sunkuyar da kai, gefensu ya yi baƙi, ana taɓawa suna zubewa. Kuɗin da aka kashe kuwa da ya sayi ɗan akuya.

Ba laifin direba ba ne, halin kayan ke nan. Furen wardin da ake gani a manyan shagunan duniya, mafi yawansa a wurare masu tudu da sanyi ake noma shi. A nahiyarmu Kenya ce kan gaba, musamman gonakin da ke kewaye da tafkin Naibasha, wanda ke kan tudun da ya kusa mita 1,900, sai Habasha ke bi mata. Ana yanke furen ne a sa shi ɗakin sanyi nan take, daga nan sai mota mai firji, sai jirgin sama, sai kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a ƙasar Holan ko kai tsaye manyan kantunan Turai. Duk tsawon wannan tafiya ana ƙoƙarin riƙe shi a sanyin digiri 2 zuwa 4. A Nijeriya ma, Jos ce aka sani da noman irin wannan fure, saboda tudu da sanyinta.

Mu kuwa a nan, a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma firjin da ke shago na ruwan sanyi da ƙanƙara ne. Tumatir idan ya fara laushi akan rage kuɗi a sayar wa mai tuwo-tuwo, ko a yanka a shanya ya zama kauɗa. Albasar Galmi ana iya adana ta a rumbu a jira tsada. Amma furen da ya yi yaushi ba shi da farashi na biyu, ko akuya ba lalle ta kalle shi ba. Saboda haka shawararmu ga duk mai son taɓa ɗanyen fure ita ce, kada ya saro ya ajiye yana jiran mai saye. Sai an ba shi oda, an biya kuɗi duka, sannan ya nemo.

Idan har an karɓi odar, akwai dabarun da masu lambun furanni suka sanar da mu. A yanke furen da sassafe kafin rana ta yi zafi. A datse gindin karan a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire ganyen da zai nutse a ruwa domin shi ke ruɓewa ya ɓata ruwan, a tsoma a bokiti mai tsabta, a riƙa sauya ruwan kullum. A yi tafiya da shi da dare ko da asuba. Babban abin kiyayewa kuma, kada a loda shi kusa da mangwaro ko ayaba ko tumatir nunannu, domin waɗannan kaya na fitar da wata iska da ke gaggauta nunar 'ya'yan itace, ita ce kuma ke tsofar da fure. Wanda ba shi da firji zai iya amfani da dabarar tukunya cikin tukunya, wato a sa ƙaramar randa cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana rage zafi sosai a lokacin rani da iska ke bushe, amma da damina ƙarfinta kan ragu.

Furen roba: shi ke riƙe da kasuwar

Abin da ke tafiya a garuruwanmu shi ne furen roba da na yadi. Wannan ba sabon kaya ba ne ga 'yan kasuwar iyaka, domin an daɗe ana sayen sa don jeren ɗakin amarya da ado a kan kabad da teburin talabijin. Mafi yawansa daga ƙasar Sin yake zuwa, musamman birnin Yiwu da ya shahara da sarin ƙananan kaya, ya sauka a tashoshin ruwa na Legas ko Lome ko Kwatano, daga nan ya hauro zuwa kasuwar Sabon Gari a Kano ko babbar kasuwar Maraɗi. Ba ya yaushi, ba ya son ruwa, ba shi da nauyi. Maƙiyansa biyu ne kawai, rana da ke koɗar da launinsa da ƙurar hunturu, kuma leda da inuwa sun isa maganinsu.

A garin da muke, wata matashiya mai shagon kayan kwalliya ce ta fara gane bakin zaren. Da labarin buhun fulawa ya zagaya gari, sai ta sa aka sayo mata furen roba da leda mai ƙyalli da zaren ado da ƙananan kwanduna. Amma ba ta tsaya ga fure kaɗai ba. Kamar yadda ta bayyana mana, ta lura cewa mai aikowa fure yake so a gani a hoto, su kuwa mutanen gida abin amfani suke so su gani a hannu. Sai ta haɗa biyun. A kwandon mai jego takan sa sabulu da man shafawa da turaren wuta da kayan jariri, sannan ta kafa furanni a tsakiya. A na amarya akwai humra da lalle da mayafi. A na tsofaffi kuwa goro da dabino da sukari da ganyen shayi da carbi, fure ɗaya ko biyu kawai a gefe don ado. 'Yan boko na kiran abin buke ko kado, tsofaffi kuma suna ce masa kwandon wane.

A nan ne hikimar take. Furen shi ne mafi arha a cikin kwandon, amma shi ke sa a biya ladan haɗawa ba tare da ja-in-ja ba. Sauran kayan kuwa dama suna shagonta, ko an yi oda ko ba a yi ba za su sayu. Ke nan jarin da ta ƙara kaɗan ne, kuma babu abin da zai lalace idan mako ya wuce ba a kira ta ba. Duk mai shagon turare ko atamfa ko kayan shayi a kasuwannin iyaka zai iya yin haka ba tare da ya ci bashi ba.

Furen kuɗi: a yi hattara da doka

Akwai wani nau'i na uku da ya yi tashe a birane ya kuma fara gangarowa, wato a naɗe sababbin takardun kuɗi kamar fure, a manne su da salatif ko gam a jikin tsinken tsire, a ɗaure su dami guda. Masu aikowa na son sa domin ya haɗa ado da amfani. To amma a nan muna jan kunnen 'yan uwanmu da babbar murya.

A Nijeriya, sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, kama daga liƙi a wajen biki da tattaka ta da rubutu a kanta da huda ta har zuwa sayar da sababbin takardu. Hukuncin shi ne ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. A watan Fabrairun 2023 Babban Bankin ya fito fili ya lissafa furen kuɗi a cikin nau'o'in wulaƙanta naira. Kuma dokar ba ta tsaya a takarda ba, domin a watan Afrilun 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da wani sananne a shafukan sada zumunta a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Legas kan liƙi da naira, aka ɗaure shi wata 6 ba tare da zaɓin tara ba. Mai haɗa furen kuɗi kuwa da hannunsa yake ɗora shaida a kansa, tunda sai ya ɗauki hoto ya tallata a waya.

A ɓangaren sefa ma, ko ba a je ga maganar hukuma ba, kowa ya san halin kasuwanninmu. Jaka biyar ko jaka goma idan ta yage ko ta sha salatif, mai shago kan mayar maka da ita, ɗan canji kuma sai ya rage mata daraja. Ke nan an biya lada don a lalata kuɗin mutum. Idan mai aikowa ya nace sai an sa kuɗi, ambulan mai kyau a tsakiyar furanni ya wadatar.

Amana ake sayarwa

Duk wanda muka zanta da shi a kan wannan sana'a, magana ɗaya ce ke maimaituwa: haɗa kwando ba shi ne aikin ba, isar da shi ne aikin. Mai aikowa cinikin biri a sama yake yi. Bai ga kaya ba, bai ga mai shago ba, ya tura guminsa daga wata uwa duniya. Abin da yake saye a haƙiƙa shi ne tabbacin cewa saƙonsa zai shiga hannun da ya nufa, a ranar da ya ce, da kayan da aka yi alkawari. Shi ya sa masu yin abin da kyau kan tura hoto sau biyu, ɗaya bayan an haɗa, ɗaya bayan an miƙa, kuma sukan rubuta kowace oda a littafi da sunan mai aikowa da lambarsa da abin da ya biya. Wanda ya sauya turare mai tsada da mai arha sau ɗaya, to ya sani 'yan ci-ranin gari ɗaya ɗaki ɗaya suke kwana a can, kafin gari ya waye labarinsa ya gama su.

Sannan garin manoma ba birni ba ne. Babu lambar gida, kwatance ake yi da masallaci da rijiya da gidan mai unguwa, don haka ɗan kabu-kabun da za a aika sai ɗan gari wanda ya san kowa. Haka kuma gidajenmu ba a faɗa musu kai tsaye. Namiji baligi iyakarsa zaure. Matashiyar da muka ambata takan aika ƙanwarta ko wata dattijuwa tare da mai babur, su yi sallama, su fara gai da uwar gida ko suruka, a gaban manya a ajiye kwando a faɗi wanda ya aiko. Ta kuma ce takan ba masu aikowa shawara su sa ko da ƙullin goro ne na iyaye, domin kwandon da ya wuce ɗakin uwa ya shiga ɗakin mata kai tsaye yakan bar baya da ƙura.

Akwai kuma odar da ba a karɓa ko nawa za a biya. Idan baƙuwar lamba ta kira ta ce a kai wa matar wane kyauta amma kada a faɗi mai aikowa, wannan ba ciniki ba ne, fitina ce. A ƙaramin gari, kwandon fure ɗaya da ba a san mafarinsa ba ya isa ya kashe aure, kuma idan magana ta kai gaban mai gari ko alƙali, mai shagon da ɗan aikenta za a fara nema. Haka ma kyautar saurayi ga budurwar da iyayenta ba su san da shi ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a san mai aikowa, a san dangantakarsa da wadda za a kai wa, kuma a miƙa a fili.

Lissafin iyaka

'Yan kasuwarmu ba sa buƙatar a tuna musu cewa iyaka na iya rufewa dare ɗaya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ECOWAS ya sake rufe ta har zuwa Maris ɗin 2024. Rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023 kuma ya sa kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗin mota. A irin wannan hali, mai katan ɗin furen roba zai jira ya sayar daga baya, amma mai ɗanyen fure kwana biyu a shinge sun gama da shi.

Sai maganar canji. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, lissafin mai saro kaya da naira ya sayar da sefa ya zama na kullum-kullum. Don haka a yanke farashi da kuɗin da za a biya ka da shi, a kuma karɓa a ranar da aka yi ciniki. Bugu da ƙari, duk mai niyyar tsallaka iyaka da dashe ko iri ko ɗanyen fure mai yawa ya san cewa, ban da kwastan da duwan, akwai jami'an kula da lafiyar tsirrai a ɓangarorin biyu, kuma suna da hurumin neman takardar shaidar cewa kayan ba su ɗauke da cuta ko ƙwari.

Ina rabon manomi?

Tambayar da masu lambu suka yi ta yi mana ita ce, shin su ma su fara noman fure? A fadamun Gulbin Maraɗi da Jiratawa da Madarunfa, da lambunan Mirya da Matamaye da Ƙwanni, akwai ruwa kuma akwai gwanaye. Akwai furannin da ke jure zafi, kamar zinniya da marigol, waɗanda kan yi fure cikin kimanin wata biyu daga shuka, kuma shi marigol an san shi da rage tsutsar da ke kumbura saiwar tumatir. Ga lalle da furensa ke da ƙamshin da kowace Bahaushiya ta sani. Ga kuma ƙariya, itaciyar nan mai kaurin gindi da ke fitar da jan fure a tsakiyar rani, wadda ake iya dasawa a tukunya a bayar kyauta ta shekara da shekaru, sai dai a nisanta ta da yara da dabbobi domin ruwan jikinta guba ne. Amma gaskiyar magana, kunya ɗaya ko biyu a gefen lambu sun isa buƙatar ƙaramin gari. Kada wani ya tuge zogale ko albasa ya zuba fure.

In kuwa furen da ke cika aljihu ake nema, ai yana gonakinmu tun kaka da kakanni, shi ne zoɓo. Abin da muke tsinka mu shanya shi ne jan kwanson da ke rage bayan furen yakuwa ya faɗi, amma a kasuwar duniya da sunan busasshen fure ake cinikinsa. Duk wanda ya je Maigatari ranar Alhamis bayan kaka ya ga buhunansa daga Jigawa da kuma Damagaram, ana lodi zuwa Kano da Legas, daga can a yi ƙasar Meziko da shi, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Shi ma yana da darasinsa, domin Meziko ta taɓa dakatar da karɓar zoɓon Nijeriya na wasu shekaru saboda ƙwarin da aka samu a cikin kaya. Tsabtar shanya da ta buhu da ta sito ita ce jarinsa. Wannan fure shi ne na sari da ajiya. Na kyauta kuwa ƙaramar sana'a ce ta gefen shago, wadda ribarta ke cikin ladan haɗawa da na kaiwa.

Shi kuwa matashin nan na Sabha, a karo na uku ne ya dace. Da babbar salla aka kai wa matarsa kwando da atamfa da turare da jajayen furannin roba guda biyar, aka kuma kai wa mahaifiyarsa goro da sukari. An ce furannin na nan a kan kabad, takan goge musu ƙura duk ranar Juma'a. Ya dawo gida da faɗuwar ruwan farko don ya yi shuka, ya kuma biyo ta gidan rediyo ya yi mana godiya, yana saɓe da ɗan da bai taɓa gani ba sai a hoto. Da muka tsokane shi da zancen buhun fulawa, sai ya yi dariya ya ce har gobe surukarsa ba ta daina yabon wannan kyauta ba.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Gaskiya ne, amma muddin neman abinci na raba mutane da gidajensu, ɗan aike ba zai rasa aiki ba. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kuma dawo da matafiyanmu gida lafiya.